Jawabi A Kan Gajiyar Yaranmu Masu Dako



Maganata a yau a kan yaranmu masu dako ce, waɗanda ke sauke mana buhunan albasa da wake daga tirela tun asuba. Abin da ke ɗaga buhun nan tsoka ce. Jikin mutum yana da tsoka fiye da 600, kuma ja kawai ta iya, ba ta turawa. Shi ya sa ƙwanji ke naɗe hannu, tsokar bayan damtse kuma ta miƙe shi.

A cikin tsoka akwai zare iri biyu, mai kauri da siriri, jere da juna. Idan ƙwaƙwalwa ta aiko saƙo ta jijiya, sai sinadarin kalsiyam ya fito, mai kaurin ya kama siririn ya ja, ya saki, ya sake kamawa, kamar mai jan guga a rijiya. A 1954 masana suka gano haka. Kowane ja yana cin makamashi, wanda ke ajiye kuwa na 'yan daƙiƙu ne, sai jiki ya yi ta sabunta shi daga abinci da iskar da muke shaƙa. To, in aiki ya fi ƙarfin sabuntawar, dagwalo ya taru, kamun ya yi rauni. Gajiya ke nan. Tsamin jiki na washegari daban ne, 'yar yagewa ce a cikin tsokar, kuma sauke kaya ya fi ɗagawa jawo shi.

Jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Yaro ya haɗiyi tiramol wai don ƙarfi. Wallahi ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, jin zafin kawai yake dushewa, tsokar kuwa tana ci gaba da yagewa. In abin ya yi yawa, ga rana, ga ƙarancin ruwa, sai abin da ke cikin tsokar ya zuba a jini ya ji wa ƙoda. Duk wanda fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan aiki mai nauyi, a kai shi asibiti ranar, kada a tsaya kemis.

Mu masu kaya kuma, mu ne ke cewa a yi sauri mota za ta juya. Ina roƙon kwamiti ya sa doka: buhu mai kilo 100 mutum biyu ko baro, a ajiye ruwan sha wurin sauke kaya, a kuma bar su su karya kumallo kafin a buɗe mota.