Ciniki Tsakanin Tawakkali da Garari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da ƙauyukan da muryarmu ke kaiwa, Allah ya karɓi azuminmu. Karatunmu na yau a kan kasuwa yake, domin da yawa daga cikinku za su sha ruwa ne zuciyarsu tana lissafin buhunan da ke cikin sito.

Ku sani, babu ciniki sai da kasada. Wanda ya ɗauko albasa daga Galmi bai san farashin da zai tarar ba ranar da motar za ta sauke. Wannan kasada halal ce, ita ce ma dalilin halaccin ribarsa, domin malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa wanda hasarar abu take wuyansa shi ke cin amfaninsa. Abin da shari'a ta hana shi ne garari, wato a ƙulla ciniki alhali abin sayarwar ko kuɗinsa ko lokacinsa a duhu yake. Imamu Muslim ya ruwaito hanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da cinikin garari. Haka nan an hana sayar da ɗan da ke cikin dabba, da ƴaƴan itace kafin nunarsu ta bayyana. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san wannan.

To, ku dubi abin da ke faruwa a karkararmu a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare. Manomi ya je wurin mai kuɗi, a ce masa: “Karɓi jikka goma, abin da gonar can ta bayar nawa ne.” Wannan garari ne, domin babu wanda ya san abin da gonar za ta bayar sai Allah. Amma shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Annabi ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin a tsinke, sai ya yarda musu da sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a san ajali. Shi ake kira salam. A ce tiya kaza ta hatsi mai siffa kaza, a wata kaza, a biya kuɗin a take, kuma kada a ɗaure shi ga wata gona guda. Mai kuɗi kuwa ya ji tsoron Allah, kada ya mai da yunwar ɗan'uwansa tsani, ya karya masa farashi.

Sai kuma ƙiradi. Mutum ya ba wani jari ya juya, su raba riba bisa kason da suka yarda, rabi ko sulusi. In aka yi hasara ba tare da sakaci ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Yau kuwa sai ka ji an ce: “Kawo kuɗinka, uwar kuɗi ba ta taɓuwa, kowane wata kana da kaza.” Wallahi wannan ba ƙiradi ba ne, bashi ne da kuɗin ruwa, an sa masa rigar ciniki. Sau da yawa ma babu cinikin, kuɗin na baya ake ba na gaba, har ranar da mai tarawa zai kashe wayarsa. Me ke kai mutane? Kwaɗayi, da ganin maƙwabci ya samu. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Dattawa daga cikinku suna tune da watan Janairu na 1994, da aka karya darajar Sefa da rabi. Wanda ya kwana da kayan waje a shago ya wayi gari da riba. Wanda ya kwana da bashin kuɗin waje ya wayi gari bashinsa ya ninka. Ko ɗayansu bai fi ɗaya wayo ba. Haka rufe iyaka da Nijeriya ta yi a watan Agusta na 2019, kaya suka tsaya a hanya. Darasin shi ne, in ka samu kada ka ce dabarata ce, har ka zuba dukan abin da ka mallaka a wuri guda. In ka rasa kuma, kada ka ci bashi don ka rama cikin fushi, domin wannan halin ɗan caca ne.

Wani zai ce: “Malam, ai na dogara ga Allah.” Madalla. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ya umurci mai raƙumi ya dabaibaye ta sannan ya yi tawakkali. Annabi Yusufa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba da shawara a adana hatsin shekaru bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na fari. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka ka ware cimar iyalinka kafin jari. Ka rubuta bashi ko da tsakaninka da ƙanenka ne. Kada ka yi kasada da amanar marayu. Ka fitar da zakka, kuma kada ka ɓoye abinci kana jiran mutane su galabaita, domin Muslim ya ruwaito cewa mai yin haka mai saɓo ne.

Allah ya azurta mu da halal, ya sanya albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, ya biya wa mabarta bashinsu, ya sa muna cikin ƴantattun wannan wata. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.