Tsakanin Maitama da Mpape: Yadda Cuta Ke Zaɓar Unguwa a Abuja



Daga Maitama zuwa Mpape tafiyar 'yan mintuna ce a mota, amma yaran unguwannin biyu ba iska ɗaya suke shaƙa ba, ba kuma ruwa ɗaya suke sha ba. Maitama tana cikin tsarin ruwan famfo da ake tacewa daga madatsar Usuma da ke Bwari. A Mpape kuwa galibin gidaje jarka suke saya a hannun 'yan garuwa, ga ƙurar wuraren fasa dutse tana sauka a kan rufin kwano da shanya da tiren mai awara. Da irin waɗannan duwatsu aka gina birnin nan, sai dai tari da ciwon ƙirji a can suka zauna. Hujjata a yau ita ce, cuta a Abuja tana bin inda bututun ruwa ya tsaya da inda aka ajiye juji, kuma hukuma ce ta zaɓi wuraren. Ku tuna watan Satumba na 2018: mutanen Mpape sun daɗe suna kukan ƙura da ƙarar nakiya, amma sai da ƙasa ta girgiza har aka ji a Maitama kafin a dakatar da fasa dutsen.

Wani zai ce ai matsalar rashin tsafta ce. To, a 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Abuja ma ba ta tsira ba, kuma ta fi yin ɓarna inda babu famfo, inda rijiya ke maƙwabtaka da masai. Matar da ke auna jarka biyu tsakanin girki da wanki da wankan yara ta san amfanin wanke hannu sarai. Ruwan ne bai isa ba. Wani kuma zai ce mutanen irin waɗannan unguwanni sun zauna ba bisa ƙa'ida ba. Amma rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya kora dubban mutane zuwa bayan gari, kuma direba da mai gadi da mai shara da ke hidima a Asokoro albashinsu ba ya kama ko ɗaki ɗaya a can.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne a ƙara asibitoci, sauran ya biyo baya. Zamfara ta amsa wannan. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A ƙauyen Bagega, likitocin ƙungiyar MSF sun ce ba za su iya fara ba yara maganin fitar da guba ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin yaron da aka yi wa magani tsakar gidan nan zai koma ya yi rarrafe. Kuɗin aikin bai fito daga Abuja ba sai a 2013, yara suna jira. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga kiwon lafiya a matakin farko, abin a yaba, sai dai kuɗin ba ya shimfiɗa bututu. Don haka nake kira ga Hukumar Birnin Tarayya ta riƙa wallafa alƙaluman gudawa da cutukan numfashi unguwa-unguwa, sannan ta raba kasafin ruwa da na kwashe shara bisa waɗannan alƙaluman.