Fili da Dutse: Shimfiɗar Ƙasar Arewa da Al'ummominta Kamar Yadda Ake Hango Su Daga Bwari

Kalmar Arewa, yadda ake amfani da ita a siyasar Najeriya, tana nufin jihohi 19 da Babban Birnin Tarayya, waɗanda suka ci fiye da kashi biyu cikin uku na faɗin ƙasar mai murabba'in kilomita 923,768. Sai dai yawan furta kalmar ya sa mutane da dama suna ɗaukar yankin a matsayin shimfiɗa guda mai al'umma guda, alhali kuwa duk wanda ya taso daga Nguru ya gangaro Bwari zai ratsa sassan tsirrai uku. Akwai Sahel, inda ruwan sama ke ƙaranci kuma ƙaya ta fi ganye yawa. Akwai sashen da masana ke kira Sudan, ƙasar gero da kuka da gawo wadda Kano da Katsina da Sakkwato ke cikinta. Sannan akwai sashen Gini, mai dogayen ciyayi da kaɗanya da ɗorawa, inda damina ke sauka tun watan Afrilu ba ta ɗaukewa sai Oktoba. A wannan sashe na uku Bwari take, shi ya sa doya ke yi a gonakinta kamar yadda dawa da masara ke yi.

Abin da wannan lacca ke son tabbatar wa masu sauraro shi ne, yadda al'ummomi suka rarrabu a Arewa ya bi shimfiɗar ƙasar ne sau da ƙafa. A filayen ƙasar Hausa da na Barno, inda doki ke sukuwa ba abin da zai tare shi kuma ayarin fatake ke ratsawa cikin sauƙi, manyan masarautu sun kafu, harshe guda ya mamaye garuruwa masu nisa da juna. Inda kuwa ƙasa ta tashi ta zama duwatsu, kamar tsaunin Jos da duwatsun Mandara da jerin tuddan da suka taso daga Bwari zuwa dutsen Aso, ƙananan al'ummomi sun sami mafaka daga mahara masu neman bayi, kowacce ta riƙe harshenta da gargajiyarta, har ta kai ƙauyuka biyu da ke hango hayaƙin juna ba sa jin maganar juna.

Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne mafi yawa cikin 'yan asalin Bwari da sauran yankin Babban Birnin Tarayya, kuma harshensu ɗan'uwan Nufanci ne, ba shi da dangantaka ta asali da Hausa. Tare da su akwai Koro da Gade da Bassa da Ganagana da Gwandara. Gwandara sun cancanci a ɗan tsaya a kansu, domin masana harsuna sun yi ittifaƙi cewa babu harshen da ya fi nasu kusanci da Hausa, kuma tarihin baka yana cewa daga Kano kakanninsu suka yi ƙaura don ƙin barin al'adarsu bayan zuwan Musulunci, har ake danganta sunansu da furucin gwanda rawa da salla. Ko wannan fassarar suna ta tabbata ko ba ta tabbata ba, tana nuna cewa cuɗanyar Hausawa da mutanen tuddan nan ta girmi birnin tarayya da ƙarnoni. Haka kuma sarakunan Zazzau na Haɓe, da jihadi ya kore su daga Zariya, nan kudu suka yo, inda Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da daga baya ya koma Suleja bayan sabon birni ya karɓi sunansa.

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba batun sauya babban birni daga Legas, kuma ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka yi dokar da ta yanko yankin daga ƙasashen da yau suke jihohin Neja da Nasarawa da Kogi. Hujjojin da aka kafa sun haɗa da kasancewarsa tsakiyar ƙasa, da wadatar fili da ruwa, da kuma cewa ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. Wannan hujja ta ƙarshe gaskiya ce, amma an riƙa fahimtarta kamar ƙasar ba ta da masu ita, kuma wannan kuskuren fahimta ne ya haifi yawancin koke-koken da ake ji har gobe. An tayar da wasu ƙauyuka zuwa wurare irin su Sabon Wuse, an bar wasu a inda suke, tsarin mulkin 1999 kuma ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan filayen yankin, ta yadda manomin da ya gaji gona kaka da kakanni ba shi da ikon da takwaransa na jiha ke da shi a kanta.

Tun da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, Bwari ta zama masaukin baƙi daga kowace kusurwa. An yi ta ƙaramar hukuma a 1996, ɗaya daga cikin shida na Babban Birnin Tarayya, sai hedikwatar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya ta dawo nan a 1997, ga kuma hedikwatar hukumar JAMB da Jami'ar Veritas, yayin da Kubwa da Dutsen Alhaji suka cika da ma'aikatan da kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfinsu. A Ushafa, inda mata ke ci gaba da ginin tukwane irin na Gbagyi kuma inda shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a 2000, madatsar ruwan Usuma take, wadda ke shayar da birnin. Duk da haka mazauna yankin ba su da gwamna ko majalisar jiha da suke zaɓa, sanata guda ne ke wakiltarsu, kuma Bwari tana raba kujera ɗaya ta majalisar wakilai da ƙaramar hukumar cikin birnin Abuja.