Jawabi: Kundin Gida, ko Yadda Ake Fara Adana Takardu da Hotuna a Ƙasar Arewa



Maganar yau ƙarama ce a ido, domin ba ta wuce almakashi da ƙaro da tsohuwar takarda ba. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai ƙosai a bakin tasha, aka ƙunshe masa na dala ashirin cikin shafin jarida, ya buɗe ya tarar da rabin jawabin wani shugaba ya jiƙe sharkaf da mai, ya ga inda tarihin ƙasar nan yake ƙarewa. Jaridar Haské da Ibrahim Cheick Diop ya kafa a 1990, da Le Républicain ta Maman Abou wadda ta biyo baya a 1991, an yi rububinsu a zamanin Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Kwafi guda yakan iso Dutsi cikin motar haya, ya zagaya ofisoshi da rumfuna har ya yi laushi kamar tsumma. Yau in aka ce a fito da lamba ɗaya tak ta wancan lokaci daga ɗakunan garin nan, za a sha wuya kafin a samu.

Turawa sun daɗe da mayar da wannan aiki abin debe kewa: mutum ya tanadi littafi marar rubutu, yana manna masa yankan jarida da hotuna da katuttuka. Har marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya yi rajistar wani irin littafi mai manne a jikinsa a 1873, sai dai a jiƙa shafi a ɗora takarda. Amma Bahaushe bai jira kowa ya koya masa ba. Malamin zaure yana da kundinsa cikin gafaka, warƙa bisa warƙa, wata ya gada, wata ya kwafo a tafiya, wata almajiri ya kawo masa. Irin waɗannan takardu ne Bubu Hama ya yi ta tarawa, suka zama tushen dubban rubuce-rubucen Larabci da Ajami da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Saboda haka sunan da ya dace da abin da ake magana a kai shi ne kundi.

Mutumin Arewa ya fi kowa dalilin riƙe kundi. A watan Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa Lugu, Sarauniya da mutanenta suka tare ta. Abin da aka rubuta a takarda a kan wannan rana, hafsoshin Faransa ne suka rubuta shi. Abin da mutanen Lugu suka gani kuwa ya zauna a bakin tsofaffi. Da Marc-Henri Piault ya zo haɗa littafinsa Histoire mawri, wanda ya fito a 1970, zaurukan dattawa ya bi. Waɗancan dattawa sun riga mu gidan gaskiya. Da yawa daga cikin matasan yau sun san Sarauniya ne ta hanyar littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da sinimar Med Hondo ta 1986, alhali kuwa dukansu ƙagaggen labari ne da aka gina bisa tarihi. Abin da ya sami zamanin Sarauniya yana iya samun zamanin jam'iyyu, in masu shaida suka ƙare ba su bar takarda ba.

To, ta ina ake farawa? Kuskuren farko shi ne mutum ya ce zai tara kome. Mai yin haka, kafin damina ta zagayo ya cika buhu, ya gaji, matar gida ta hura wuta da shi. Gara ya zaɓi zance guda wanda ya sani, wanda kuma takardunsa ke bi ta hannunsa kullum.

Ɗan kasuwa ba sai ya nemi zance nesa ba. Yana da rasiɗin duwan, da takardar lanho, da wasiƙun abokan ciniki na Kamba da Argungu, da ɗan littafin da yake rubuta kuɗɗin tiyar hatsi da ta wake. In ya jera su bisa shekara, zai ga 1984 lokacin da gwamnatin Buhari ta canza takardun naira ta rufe iyaka, ga kuma fari, har yunwar shekarar ta ɗauki sunan El Buhari. Zai ga Janairu 1994 da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga dala goma zuwa dala ashirin dare ɗaya. Zai ga 2004 da bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun kuɗɗi, waɗanda suka makara da canji suka wayi gari da takarda mai ado a aljihu. Irin wannan takarda yanzu ta sami gurbi a kundi. Zai ga rufe iyakar 2019 da takunkumin 2023. Ɗan da ya gaji rumfa ya gaji kundi irin wannan, ya gaji darasin da babu lakkwal ɗin da ke koyar da shi.

Ma'aikaci kuma yana da takardar ɗaukar aiki, da ta canjin wuri, da takardun albashi, har da na watannin da aka bi gwamnati bashi a shekarun 1990. Hatimin da ke jikinsu ma labari ne: takardar da aka buga wa mutumin Gesheme ko Kore Mairuwa kafin 2011 tana ɗauke da sunan Dogon Dutsi, domin a shekarar ce aka ware Tibiri ta tsaya da kanta.

Kayan aiki ba su da tsada. Babban littafin rajista mai kauri irin na ofis, almakashi, fensir, ambulan, da manne. Littafin kada a cika shi fam: a riƙa manna abu a fuska ɗaya ta shafi, sa'an nan bayan kowane ƴan shafuka a yanke ɗaya a bar ɗan gefensa, domin in ba haka ba littafin zai kumbura, ɗinkinsa ya tsinke.

Batun manne shi ne inda aka fi yin ɓarna, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Sikoc, wato ledar nan mai manne, maƙiyin takarda ne mai fuskar masoyi: bayan ƴan shekaru ledar ta ɓamɓare, mannen ya nutse cikin takarda ya bar tabo ja wanda ba ya fita. Ƙusar ɗinke takarda da maƙalin ƙarfe suna tsatsa da damina, su huda shafi. Ƙaro yana riƙewa, ƙullun fulawa dafaffe ma haka, amma dukansu abinci ne ga gara da kyankyaso, saboda haka ɗigo huɗu a kusurwa huɗu sun isa, ba a shafe bayan takarda kamar ana yaɓen ɗaki ba. A bari ya bushe kafin a rufe littafi. Takardar jarida kuwa, da niƙaƙƙen itace marar tacewa ake yin ta, shi ya sa take ja ta yi ƙamas in ta sha rana, tana kuma ɓata abin da ya jingina da ita. Kada a haɗa fuskarta da ta hoto. Rasiɗin injin zamani, irin na aika kuɗɗi, zafi ne ya rubuta shi ba tawada ba, kuma zafin bazara kan shafe shi fes. Wanda yake da muhimmanci a yi masa fotokopi tun yana sabo. In kuma mutum ya yi sa'ar samun cikakkiyar jarida ta 1990 ko 1991, haramun ne almakashi ya taɓa ta. A ajiye ta ɗungurungum a shimfiɗe, a manna kwafinta.

Ƙa'idar da ta fi kowace ita ce ta kwanan wata. Kafin a yanka, a rubuta sunan jarida, da lambarta, da ranar fitarta. Yankan da ba shi da kwanan wata jita-jita ce kawai da aka manna. Hoto ma haka: a rubuta a ƙarƙashinsa wane ne, ina ne, wace shekara, sunan yanka da laƙabi duka, domin jikoki ba za su gane kakansu yana saurayi ba. In a bayan hoton za a rubuta, da fensir mai taushi, ba da bik ba, don bik yana kwarzanawa tawadarsa kuma tana ɓullowa. Shi hoto ba a sa masa manne sam. A yanko kusurwoyin tsohon ambulan guda huɗu, su za a manna a shafi, sai a cusa kusurwoyin hoton ciki, ana iya cire shi duk ran da aka so. Wanda iyayensa ko kakanninsa ke raye, ya kai musu hotunan cikin makon nan, ya zauna da fensir.

Akwai takardun da ba a mannawa ko da wasa: takardar haihuwa, shaidar karatu, da takardun gona na hukumomin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Waɗannan wata rana alƙali zai nemi ya juya bayansu. A yi musu aljihu da ambulan a bangon littafi, ko a ajiye su dabam. Rufe su da leda a injin zafi, abin da ya zama yayi a bakin ofisoshi, ba shi da komowa in an yi shi.

Saura siyasa, wadda ba a iya tsallake ta a jarida irin wannan. Katin Nasara, da na Rahama, da na Tarayya, da na Zaman Lahiya, da na Jama'a, tun da aka rushe jam'iyyu a watan Maris 2025 sun zama kayan tarihi, kamar yadda katin Sawaba da na RDA suka zama a gabansu. Mai kundi zai ji sha'awar ajiye na jam'iyyarsa kaɗai, ya yar da na abokin hamayya. Wannan ba kundi ba ne, kirari ne. Ƙasar Arewa tana da misali a gida: Janar Ibrahim Bare Mainasara, wanda ya ƙwaci mulki ran 27 ga Janairu 1996, aka kashe shi a filin jirgin Yamai ran 9 ga Afrilu 1999, aka rufe shi a Dumega. Masoyinsa ya ajiye abin da jaridun adawa suka rubuta a kan zaɓen Yuli 1996. Mai adawa da shi ya ajiye abin da aka rubuta a kan kisan da aka yi masa. In mai kundi yana da ra'ayi, ya rubuta shi a gefe da hannunsa, ya sa kwanan wata, don a rarrabe maganarsa da ta takarda. Wasiƙar da wani ya rubuto a asirce kuwa amana ce, ba a baje ta a littafin da baƙi ke buɗawa.

Wurin ajiya shi ne akwatin ƙarfe, a ɗora shi bisa bulo, nesa da bangon ƙasa da inda rufi ke zuba. A zuba busasshen ganyen dogon yaro cikin ƙyalle a sa a kusurwa, a riƙa sabunta shi. Sau biyu a shekara a buɗe akwatin a inuwa: bayan ɗaukewar ruwa don raɓa ta fita, da kuma ƙarshen hunturu don a kakkaɓe ƙura, a hankali, domin a lokacin takarda ta fi saurin karyewa. Mai wayar hannu ya ɗauki hoton kowane shafi ya tura wa wani ɗan'uwa a Doso ko Yamai, ko da gobara ko ambaliya. Hotunan da ke cikin wayar kuma, na suna da na aure da na cin kasuwa, ya zaɓi goma a shekara ya kai a wanke masa su a takarda, ya ba su shafinsu.