Daɓen Siminti a Ɗaki

To, ɗan'uwana, yau zancenmu a kan daɓe ne. Wanda mata ke yi da madaɓi da ruwan makuba yana da kyau, amma gara tana huda shi, ƙuma kuwa ta ɓuya a tsagarsa ta hana yara barci. Siminti ya fi ƙarko.

Ka fara kirɓa ƙasa ta zauna. Sa'an nan ka gauraya kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a zuba kaurin inci 4. Amma fa ka sani, ruwa ke ƙarfafa siminti, ba rana ba, magina da yawa kuwa nan suke kasala. Ka riƙa yayyafa masa safe da yamma har kwana 7, balle da hunturu, kada ya tsattsage.