MADAFA MA MAKARANTA CE

Wannan shi ne jawabin da aka karanta wa matan azuzuwan yaƙi da jahilci a ranar da aka rufe zangon karatu. An buga shi a nan domin amfanin sauran iyaye na karkara.



Ga dogon hutu ya zo. Daga ƙarshen watan Yuli har zuwa Satumba yara za su zauna a gida. A irin wannan lokaci ne wasu iyaye ke ɗora wa 'ya'ya mata farantin talla tun daga safe har magariba, maza kuwa idan an taso daga gona sai yawon kududdufi. Ranar da aka koma makaranta sai a tarar yaro ya manta rabin abin da ya koya. Alhali kuwa kowane gida akwai aji a cikinsa, wato madafa, kuma uwa ita ce malamar ajin.

Abu na farko shi ne a ba kowane yaro aiki daidai ƙarfinsa. Ɗan shekara 5 zuwa 7 ya isa ya tsince wake, ya zage ganyen zogale, ya ɓare gyaɗa. Mai shekara 8 zuwa 11 yana iya tankaɗe, jajjage da kwaɓa gari. Hura wuta, suya da sauke tukunya kuwa aikin manyan yara ne, shi ma sai uwa tana tsaye a kai. Kada a ce girki na mata ne kaɗai. Yaron da ya tafi makarantar kwana ko cirani bai iya dafa ko ɗanwake ba, shi zai sha wuya.

Ɗanwaken ma ya isa darasi guda. Uwa ta sa yaro ya auno garin wake da na rogo da gwangwani, ya ƙirga da bakinsa. Ta tambaye shi, idan gwangwani 2 ya ishi mutum 4, nawa za a auna idan an yi baƙi sun zama 8? Wannan lissafi ne. Ta sa ya rubuta kayan haɗi a takarda: wake, rogo, kuka, kanwa, yaji, man gyaɗa. Wannan rubutu ne. Uwar da ke zuwa aji ita ma ta sami damar gwada nata karatun.

Damina lokacin ganye ne. Zogale, rama, tafasa da yakuwa duk ga su a bayan gida ba sai an saya ba. A nuna wa yara yadda ake kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a gaya musu cewa wake da gyaɗa na gina jiki, ganye kuma na taimaka wa jini da ido. Idan an aiki yaro sayen gishiri, ya duba leda ya ga ko mai sinadarin aidin ne. Tun shekarar 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa wannan sinadari a gishiri domin hana ciwon maƙoƙo.

Sai dai madafa wuri ne mai haɗari, kuma rigakafi ya fi magani. Saboda haka a kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Kowa ya wanke hannu da sabulu ko toka kafin ya taɓa abinci, musamman bayan fitowa daga bayi. Damina ce lokacin amai da gudawa.

2. Kada a bar yarinya da goyo a gaban murhu, kada kuma ta yi girki mayafi na reto.

3. Kada a zuba kananzir a risho ko fitila suna kunne. A kashe, a bari su huce.

4. Kada a ajiye kananzir a kwalbar lemo. Ƙaramin yaro zai ɗauka ruwa ne ya sha. Idan hakan ta faru kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin kananzir na iya shiga huhunsa. A garzaya da shi asibiti.

5. Idan yaro ya ƙone, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har tsawon minti 20. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, gishiri, ƙullu ko man goge baki, kada a fasa ƙurjin da ya taso. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Daga ƙarshe, sai an yi haƙuri. Tuwon farko ba ya rasa gudaji. Idan yarinya ta cika gishiri a miya, zagi da duka ba za su rage shi ba, sai dai su sa ta tsani murhu. A gyara mata a hankali. Maigida kuma idan an kawo masa akushi, ya tambayi wanda ya dafa, ya sa albarka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa a gama hutu lafiya, amin.