Daga Ƙauye Zuwa Birni: Tarihin Madawa da Haƙƙin Unguwa



Ya ku dattawa, malamai, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, maza da mata, ina yi muku godiya da kuka bar rumfunanku da wuraren aikinku kuka zo saurare. An nemi in yi magana a kan tarihin garin Madawa da yadda ya bunƙasa. Na karɓa, amma bisa sharaɗin ba za mu tsaya ga kirari ba, domin tarihin da bai taɓo ƙofar gidan mutum da aljihunsa ba, da shi da tatsuniyar dare duk ɗaya ne. Maganar da nake so in kafa a gabanku guda ce: unguwanni ne suka ɗauki nauyin girman Madawa, amma unguwa ba ta da asusu, ba ta da majalisa, ba ta da wani kaso da doka ta yanka mata cikin dukiyar garin.

Mu soma daga tushe. Kafin zuwan Nasara, wannan yanki namu shi ake kira Gobir Tudu. Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekara ta 1808, ƙarfin sarautar Gobir ya watsu, Abzinawa Kel Geres kuma suka zama masu faɗa a ji a nan da wani sashe na Adar. Ayarin raƙumansu ke zuwa Bilma ya ɗauko gishiri da dabino, a musanya su da hatsin manoma. A wancan zamani Madawa ƙauye ce cikin ƙauyuka, ba ta fi maƙwabtanta da wani abin a zo a gani ba.

Abin da ya ɗaga ta, ko da za ku yi mamaki, wani zane ne da aka yi bisa takarda a ƙasar Turai. A shekara ta 1898 Faransa da Ingila suka ƙulla yarjejeniya, aka ɗora tsinke a kan Sakkwato, aka zagaya da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙasarmu ta faɗa ciki. Sai Faransawa suka tarar ba su da hanyar zuwa Damagaram daga bakin Kwara, illa su bi ta arewa, inda rijiyoyi ke da nisa da juna, dabbobi na mutuwa da ƙishirwa. Suka yi ta kai kuka, har aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, aka tura iyaka kudu, ayarin Kyaftin Tilho ya zo ya kafa alamunta. Daga nan hanya ta miƙe ta Ƙonni, ta Madawa, ta Maraɗi, har Damagaram. Inda hanya ta bi, nan bariki ya zauna. Inda bariki ya zauna kuwa, sai ga gardi, ga tafinta, ga kuku, ga mahauci, ga dillali, ga mai sayar da tuwo. Kowannensu yana bukatar wurin kwana, kuma daga wurin kwana ake samun unguwa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gyaran tsarin mulki na 1964 ya ba Madawa da Buza da Keita kowacce gundumarta da sufurefenta. Kwalta ta zo. Auduga ta yi zamaninta, har aka kafa injin gurzarta a nan. Albasar fadamar Tarka ta buɗa wa manyan motoci hanya zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Tabarmar kaba da matanmu ke saƙa ta kai sunan garin inda masu garin ba su taka ba. Kasuwar dabbobi ta Tunfafi ta jawo fatake daga Nijeriya, hanyar Bangi kuma ta haɗa mu da Sabon Birni. Wannan shi ne girman da ciniki ya kawo.

Akwai kuma girman da wahala ta kawo, wanda ba a cika faɗarsa a taro ba. Farin 1973 zuwa 1974, da yunwar 1984 wadda jama'a suka laƙaba wa sunan El Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, sun koro dubban mutane daga ƙauyuka da rugage zuwa bakin garuruwa. Suka kafa bukkokin kara, bukka ta zama ɗakin laka, ɗakin laka ya zama na siminti da kuɗin ɗan da ya tafi ci-rani Abijan, ko Legas, ko Libiya. Ƙidayar 2001 ta sami mutum fiye da 20,000 cikin garin Madawa, ta 2012 kuma ta sami fiye da 120,000 cikin ƙaramar hukumar baki ɗaya, gari da ƙauyukansa.

Kowa a nan ya san yadda ake haihuwar sabuwar unguwa. Baƙo ya roƙi mai gona wurin kafa bukka. Ɗan'uwansa ya biyo shi. A haɗa kuɗi a gina masallaci, a yi gayya a haƙa rijiya, wata ta kafa teburin ƙosai, wani ya kawo injin niƙa. Kafin mai auna filaye ya iso, gidaje ɗari sun tsaya. Sannan ne matsaloli ke fitowa: lungu ya ƙuntata har motar ɗaukar mara lafiya ba ta shiga, ruwan sama ba shi da mafita sai cikin ɗakunan mutane, fili guda yana da takarda biyu, magadan mai gona sun taso suna neman gonar ubansu. Wa ake bugawa ƙofa da tsakar dare? Mai unguwa. Me ke hannunsa? Bakinsa da mutuncinsa kaɗai.

Ba a ce doka ta manta da shi ba. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, dokar sarautar gargajiya ta 1993 ta amince da mai unguwa, ta ba shi ikon sasanta mutane, kuma shi ke taimakawa wajen tara lanho. A wannan shekara ce aka kafa ginshiƙan dokar karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye. A watan Yuli na 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi 265 a faɗin Nijar, aka ce an sauko da mulki kusa da talaka. An sauko da shi, amma ya tsaya a ofishin magajin gari, bai ƙaraso bakin lungu ba. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi. Da zaɓaɓɓe da naɗaɗɗe, matsayin unguwa bai sauya ba: tana tarawa, ba ta riƙewa.

Yanzu ku ba ni izini in ɗauke ku zuwa nesa, domin wani lokaci sai mutum ya leƙa gidan wani yake gane inda nasa ke yoyo. Can gabashin Asiya akwai ƙasar Filifin, mai tsibirai fiye da 7,000 da jama'a fiye da miliyan 100. Su ma sun sha mulkin mallaka, na Sifaniya da na Amurka, su ma ƴaƴansu sun bazu duniya neman abinci. Mafi ƙanƙantar rukunin mulkinsu shi ake kira barangai, wato ƙauye ko unguwa, kuma suna da su wajen 42,000. Kalmar ta samo asali daga sunan wani jirgin ruwa na kakanninsu, mai ɗaukar dangi guda da shugabansu. Turawan Sifaniya suka mai da shugaban barangai mai karɓar haraji, kamar yadda Faransawa suka yi da masu garinmu. Har nan labarinmu da nasu guda ne.

Inda muka rabu shi ne shekara ta 1991. A shekarar da muke zaman Taron Ƙasa a Yamai, su kuma suka kafa dokar ƙananan hukumomi. Dokar ta ce kashi 40 cikin 100 na harajin da gwamnatin ƙasa ke tarawa na hukumomin ƙasa-ƙasa ne, kuma daga cikin wannan, kashi 20 cikin 100 na barangai ne, ba roƙo, ba kamun ƙafa. Kowace barangai tana zaɓen shugaba da mashawarta 7, tana da magatakarda da ma'aji. Sau biyu a shekara ake kiran taron mazauna a karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita. Akwai kuma kwamitin sulhu, wanda tun 1978 doka ta ce ƙananan rigingimun maƙwabta sai sun bi ta gabansa kafin alƙali ya saurare su.

Ga misalin unguwa guda. A arewacin Manila, cikin birnin Kalokan, akwai Bagong Silang, ma'anar sunan kuwa sabuwar haihuwa. Tun daga shekarun 1970 gwamnati ta riƙa kwaso talakawan da aka tasa daga unguwannin marasa galihu na Manila tana zubawa a can, a filin da ke da nisa da wuraren aikinsu. Wurin da aka kai mutane ba da son ransu ba ya zama gari, da kasuwanni da makarantu. A ƙidayar 2020 mazaunanta sun haura 260,000, wato ninki biyu na ƙaramar hukumar Madawa a 2012. Da aka ga shugaba guda da mashawarta 7 ba za su iya da wannan taro ba, sai majalisar dokoki ta yi doka, aka tambayi mazauna ta hanyar ƙuri'a a watan Agusta na 2024, suka yarda aka raba ta gida 6, kowane da majalisarsa da asusunsa. Abin lura a nan shi ne, da unguwa ta girma, doka ta biyo ta ta girma tare da ita.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce Filifin aljanna ce. A watan Janairu na 1973 shugaba Markos ya yi amfani da tarukan unguwanni, aka ɗaga hannu aka amince masa da tsarin mulkin da ya ɗore da shi bisa kujera har 1986. An sha ɗage zaɓen barangai, ana kukan sayen ƙuri'a, ana kukan gidajen da suka mai da shugabanci gado. Mu ma mun ga irin haka: Samariya ta zamanin Janar Seyni Kunce ta gina azuzuwan lakwal da gumin matasa, amma linzaminta yana hannun masu mulki. Darasin shi ne, majalisar unguwa da ba ta da lissafi a fili, ko dai ta zama amshin shatan na sama, ko ta zama saniyar tatsar na ƙasa.

Wani zai ce mutanenmu ba za su iya ba. Amsarsa tana nan kusa, ba sai an haye teku ba. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, tun 1975 manoma tare da ƙungiyar CARE suka dasa layukan dogon yaro masu tare iska, daga baya mutanen ƙauyukan suka shiga tsarin sara da rabon itacen. A Keita, aikin da Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da FAO daga 1984 ya farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne. Jama'ar da ta iya mai da faƙo gona, ashe za ta kasa riƙe littafin asusun unguwa?

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara mu nema, ko wane ne ke bisa kujera. Na farko, a shata iyakar kowace unguwa, a rubuta gidajenta da masu su, a keɓe hanyoyi da magudanan ruwa da filin lakwal da maƙabarta tun gonaki ba su cika da gini ba. Na biyu, a yanka wani kaso sananne daga kuɗin kasuwa da tasha da sayar da filaye, ya koma ga unguwanni bisa yawan jama'arsu. Na uku, mai unguwa ya zauna a matsayinsa na uba, amma a kewaye shi da mashawarta da mazauna suka zaɓa, cikinsu har da mata da matasa, a riƙa karanta lissafi da Hausa a bainar jama'a sau biyu a shekara, a kuma liƙa shi a ƙofar masallaci da bakin kasuwa. Na huɗu, duk sulhun da aka yi a zauren mai unguwa a rubuta shi, shaidu su sa hannu, domin abin da baki ya ɗaura, mutuwar dattijo guda tana kwance shi.

Ya ku ƴan kasuwa, kun ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, kun ga rufe iyaka a 2019 da 2023. Kun san ranar da hanya ta toshe, abin da ya rage muku shi ne cinikin cikin gari, cinikin cikin gari kuwa ba ya tafiya inda lungu ya zama tafki. Ku ne ke biyan kuɗin rumfa da na tasha, kuna da haƙƙin tambayar inda suka shiga. Ya ku ma'aikata, ku ne masu alƙalami da sanin doka. Yau an kawo ku nan, gobe a kai ku Tawa ko Difa, amma ranar ritaya unguwa za ku koma, ku sha ruwan da ta sha, ku taka taɓon da ta taka. Abin da kuka rubuta mata yau, shi za ku tarar.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zanen Turawa ya ba Madawa hanya, fatake suka ba ta kasuwa, talakawa suka ba ta unguwanni. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne mu ba unguwannin nan murya da asusu, tun garin bai fi ƙarfin masu riƙonsa ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.